Ta Ci Sauraro, Ta Faɗi Magana

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu ma lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fitowa tsakar gida da kanta. Gaisuwar ke nan, don ba ita ta sa na ɗauki biro ba.

Sakamakon jarrabawar Turancin 'yata Auta ya fito, kuma ba ta kai makin da jami'ar can ƙasar waje ke nema ba kafin ta ɗauke ta karatun injiniya. A karatu da rubutu ta yi kyau. A sauraro kuwa ba abin da ta bari. Magana ce ta kayar da ita, da rabin maki, kuma alhakin yana wuyanka. Ka tuna babanta ya so ya kai ta wajen malami, ka ce cin fuska ne, tana da kawun da ya tsufa cikin masu harshen. Ka ce duk Asabar za ka kira ku yi hira da Turanci. To, ina zaune a kan keken ɗinki ina jin hirar taku. Kai ne da labarin yadda ka sauka da jaka ɗaya, da shugabanka na wurin aiki, da ciwon bayanka. Ita kuwa sai sauya wa wayar kunne take yi in ya yi zafi. Mun yi mata tarbiyyar kada ta katse babba, kai kuma ba ka taɓa tsayawa ko haɗiye yawu ba.

Ranar jarrabawa, matar da ke gwada ta a magana ta ce ta ba ta labarin wata na'urar da take so. Yarinyar da ta kwance fankar ɗakina ta mayar tun tana firamare! Ta faɗi kalma biyu ta yi shiru, tana jira matar ta karɓe zancen kamar yadda ka saba. Matar ta zuba mata ido har lokaci ya ƙare. Abin da ya fi ƙona min rai, da ka ji labari sai ka ce wa Inna wai yaran yanzu ba su da himma. Auta ta ji, ta wuni a ɗaki ba ta ci komai ba. Wallahi na ji haushinka, Yaya, har yanzu kuma ina ji.

Jami'ar ta ba ta zuwa ƙarshen wata mai zuwa ta sake, in ta faɗi gurbin ya tafi. Mun samo mata malama mai yin tambaya ta kama bakinta.

Ka gaida min matarka mai haƙuri, da 'yan biyu. Inna tana gaishe ka. Ranar Asabar in ka kira, ni zan ɗauka, kuma kai za ka saurara.

Ƙanwarka,
Maman Auta