Mai Kwale-kwalen Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran duka. Yaya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan jinyar nan da kike yi. Ni ma lafiya lau nake, sai aiki.

Takardarki ta iso hannun direba. Na gane waya ba ta yi wa Baba amfani yanzu tunda kunnen ya yi nauyi, don haka zan riƙa rubutowa. Ki fara karantawa a ranki, sannan ki zaɓi abin da za ki gaya masa.

Inda kika ce tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai haɗa doguwar magana ba, abinci ma sai ya taɓa ya kawar da kai, ya tsaya mini a rai ƙwarai. Amma da na zo inda kika ce ya kama hannunki ya tambaya ko mai kwale-kwalen nan ya ƙetare, sai na yi dariya ni kaɗai a shago.

Ke kika fi kowa shan tsiyar labarin nan. Mujallar da yake saye duk wata yana sabon magidanci, wadda yake kira Inuwa, da labarin da ake kawowa kashi-kashi a bayanta. Mai kwale-kwale ya ɗauki fasinja mai lulluɓi wanda bai ce uffan ba, sun kai tsakiyar kogi, ruwa ya fara shigowa ta ƙasa, fasinjan ya ɗaga hannu zai yaye lulluɓin, sai aka ce a tari wata mai zuwa. Watan na kamawa sai aka haife ki. Baba ya yi ta zirga-zirga tsakanin gida da asibiti wurin Inna, Allah Ya jiƙanta, kafin ya sami kansa ya je wurin mai jarida, aka ce babu, ya ɗauka an saye ta ƙare. Tun daga nan duk ranar da kika fasa kofi ko kika ƙona girki sai ya ce ai ba yau kika fara yi masa asara ba. Kina taya shi dariya, amma ni na sha ganin fuskarki bayan kin juya.

To ga dalilin rubutuna. Maigidana na wurin aiki ya sami aikin gyaran fankokin babban laburare, ni ya tura ɗakin mujallu. Ɗaki ne mai dogon rufi, kantoci har sama, ga warin tsohuwar takarda, fankokin kuma suna kuka kamar an tilasta musu. Daga kan tsani ina hango teburin Malamar da ke kula da wurin, wata dattijuwa mai tabarau mai igiya, wadda ke cire takalmi a ƙarƙashin tebur tana zaton babu mai gani. Mutum zai zo da sunan mujalla, ta danna kwamfuta, nan take ta gaya masa inda zai same ta. Da na sauko na yi ƙarfin hali na tambaye ta. Ta ce wani rumbu ne a intanet da aka tara sunayen mujallu da jaridu na ko'ina, da shekarar da suka fara, da wanda ya buga su, da laburaren da ya ajiye su. Ta ce lokacin hutu in zauna a kwamfutar jama'a in gwada.

Kada ki yi wa Baba alkawari tukuna. Ki dai ce masa ana neman mutuminsa.

Ki gaishe da kowa da kowa. Na bar ki lafiya.

Ƙaninki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar jikin Baba da gajiyarki. Allah Ya sa kwanan nan ya fi na baya.

Na zauna a kwamfutar nan, kuma na ba da kunya daidai gwargwado. Kin san karatuna inda ya tsaya. Da yatsa ɗaya na yi ta farautar haruffa har na rubuta mai kwale-kwale da fasinja, na danna, aka ce babu. Na sake da kogi, babu. Wani ɗalibi da ke jira a bayana har ya fara kaɗa ƙafa. Malama ta zo ta leƙa, ta yi dariya har ta cire tabarau. Ta ce rumbun nan kamar mai gadin unguwa yake, ya san kowane gida da mai shi da ranar da aka tare, amma bai san abin da ke cikin tukunya ba. Sunan mujallar zan ba shi, ba labarin ba.

Na rubuta Inuwa. Yaya, ashe Inuwa ba ɗaya ba ce. Suka zubo jere, akwai ta masu dashen itatuwa, akwai ta wata makaranta, akwai ta ƙungiyar tsofaffin ma'aikata, wasu ma ban gane ko ta su wane ne ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina buɗewa, hutu ya ƙare ban ci komai ba.

Amma na lura da wani abu da ya ba ni sha'awa. Mujallun nan kamar dangi aka rubuta su. Za ki ga an ce wannan da can sunanta kaza, wannan ta haɗe da waccan sun zama ɗaya, wannan ta rabu biyu kowa ya kama gabansa. Wadda take raye, bayan shekarar farawa sai a ja ɗan layi a bar wurin fili. Wadda ta mutu kuwa, an cike mata filin da wata shekarar. Da na gaya wa Malama haka ta ce ita ma da ta fara aiki haka ta gan su, har yanzu in ta ga an cike wa wata fili takan ji babu daɗi.

Yanzu aikin ya dawo hannunku. Ki zauna kusa da kunnensa mai kyau ki tambaye shi a hankali: Inuwa kawai ake ce mata ko da sauran suna? Wane launi ne bangonta? Me ake tallatawa a bayanta? Ko ya tuna masu bugawa? Kada ki karɓi girgiza kai, ki sa shi ya faɗa da baki, ko da kalma ɗaya ce.

Fankokin ɗakin sun kusa ƙarewa, na fara tunanin yadda zan yi da shiga. Sai Malama ta kai ni sito ta nuna mini wasu tsofaffin fankokin tsaye da ƙura ta rufe, ta gaya wa maigidana su ma duk a duba su, kuma a ɗakinta take so a yi aikin don ta sa ido. Ni dai na gane dabara ce don in ci gaba da shiga, ita kuwa ko kallona ba ta yi ba.

A gaida yara. Ki ce wa babbar ta daina cewa kawunta ya zama ɗan boko.

Naki,
Auta

*

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, Baba kuma yana samun sauƙi. Na yi murna da kika ce tambayoyin sun sa ya yi magana har ya gyara miki da kika ce bangon kore ne, ya ce shuɗi. Wannan takardar kada ki karanta ta a gabansa sai kin gama ta ke kaɗai.

Da cikakken sunan da ya ba ki, Inuwar Yamma, nan take ta fito, ita kaɗai. Mai fitowa wata-wata, masu bugawar ma su ne waɗanda ya ambata. Na daɗe ina kallon allon kamar na ga wani ɗan uwa. Sai idona ya kai kan shekarun. An cike mata filin, Yaya, kuma shekarar haihuwarki ce a wurin. A ƙasa an rubuta fitowa ta ƙarshe, wata ɗaya ne kafin watan da aka haife ki.

Ban yarda da idona ba, na kira Malama. Ta karanta, sannan ta nuna mini wani layi da ya ce wata mujalla mai suna Sabon Zango ta haɗiye ta. Ta ce wani lokaci sabuwar takan ƙarasa abin da tsohuwar ta bari, kada in karaya. Muka bi Sabon Zango, rumbun ya nuna wani laburare mai nisa ne kaɗai ya ajiye su duka biyun. Malama ta rubuta wa wani abokin aikinta a can. Kwanakin da muka yi muna jira, na kwance wata fanka na ɗaure ta ba tare da na san abin da na gyara ba.

Jiya amsa ta zo. Mutumin kirki ne, ya ce ya buɗe Sabon Zango ta shekarar farko da ta biyu shafi-shafi, babu kogi babu kwale-kwale, duk maganar taki da farashin hatsi ce. Ya kuma ɗauko hoton shafin ƙarshe na Inuwar Yamma ya turo. Ga shi nan na sa miki a ciki, Malama ta buga mana. Akwai zanen kwale-kwalen, ga fasinja da hannu a sama, ga tallar taya a gefe yadda Baba ya faɗa.

Kin gane abin da nake gaya miki? Fitowar da Baba yake cewa ta wuce shi ba a taɓa buga ta ba. Ko da ya kwana a ƙofar mai jarida ba zai samu ba. Babu wanda ya karanta ƙarshen labarin nan a duniya. Ba ki yi masa asarar komai ba, Yaya.

Abin da ya dame ni shi ne yadda zai ɗauka. Mutum yana kwance, abu ɗaya ya roƙa, a zo a ce masa babu. Na zauna da biro na gwada ƙirƙiro ƙarshe in ce shi aka samo. Na mai da fasinjan ɓarawo, bai zauna ba. Na mai da shi ɗan'uwan mai kwale-kwalen da ya ɓata, nan ma na ji kamar fankar da aka ɗaura wa fiffiken wata. Baba zai gane daga layin farko, kuma bai taɓa yi mana irin wannan ba. Na yaga.

Ke ce a gabansa, ke kika san ranar da yake da ƙarfi. Ni dai a ganina a ba shi shafin a hannu a gaya masa gaskiya. In kin ga ba zai iya ɗauka ba, ki ajiye, ba zan ga laifinki ba.

Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba ki ƙarfin zuciya.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa gare ki da Baba da mutanen gida. Alhamdu lillahi, takardarki ta same ni ina kan tsani, direba ya miƙo mini, ban iya jira na sauko ba.

Na karanta ta sau da yawa har na kusa haddacewa. Kamar ina ɗakin nake ganinsa, ya riƙe shafin da hannunsa mai lafiya ya kai shi kusa da ido, ya yi ta kallonsa har kika fara da-na-sanin gaya masa. Sannan ya fara faɗa da masu mujallar, wai marasa kunya, sun bar bawan Allah a cikin ruwa sun tafi sayar da taki. Da na zo inda ya ce ki kawo masa abinci don maganar tana da tsawo, sai da na riƙe tsanin da kyau. Kuma kin ce ya cinye.

Maganar da kika rubuto da bakinsa ita na fi maimaitawa: "Tunda sun bar mini shi, ni zan fito da shi."

Na karanta wa Malama ƙarshen da ya bayar, ina fatan ba ki ji haushi ba, ai tana da haƙƙi a ciki. Fasinja ya yaye lulluɓi, ashe ungozoma ce, ta ƙetaro tun da safe nemansa, ta yi shiru ne don kada ya rikice a inda ruwa ya fi ƙarfi. Ta ce ya tuƙa da sauri, matarsa ta sauka, mace aka samu. Ya tuƙa ruwa na kai masa idon sawu, ya yi tsalle gaɓa ya ruga gida bai ko ɗaure kwale-kwalen ba, kogi ya tafi da shi. Mutane suka zo yi masa jajen asara, shi kuwa yana riƙe da jaririyar ya ce wace asara.

Malama ta daɗe tana goge tabarau. Daga baya ta ce da masu mujallar sun sami Baba da ba su mutu ba.

Kin ce da ya kai nan sai ya ce ki matso, ya ɗora hannunsa a kanki, bai ƙara komai ba. Ni ma ba zan ƙara ba.

Aikin laburare ya ƙare yau, fankokin sito ma duk suna juyawa. Malama ta ce ƙofa a buɗe take, in riƙa zuwa ina koyon danna haruffa da yatsa fiye da ɗaya. Ranar Asabar in Allah Ya yarda ina tafe, zan zo da kayan aikina in duba fankar ɗakin Baba da kika ce tana ƙara. Ki ce masa ya tanadi amsa, don ni ban yarda a bar kwale-kwale ya tafi haka nan ba, sai ya gaya mini inda ruwa ya kai shi.

Sai abu ɗaya. A daidai layin da kika rubuta wace asara, tawadar ta baje, har kika ja kibiya a gefe kika ce ruwan kofi ne ya ɗiga. To Yaya, na yarda, ruwan kofi ne.

Ki gaishe mini da Baba sosai, ki riƙe masa hannu a madadina kafin in iso.

Ƙaninki har kullum,
Auta