Layin da Malam Ya Rubuta a Saman Fayil

Litinin, 3 ga Maris

Saura kwana goma mu fitar da sabuwar manhaja, sai ga lauyar ƙungiyarmu da zance. Kod ɗin, wato ɓangaren manhajar da ke karanta tsofaffin faifai, wanda Malam ya rubuta, ni kuma nake kula da shi shekara shida, a saman kowane fayil ya sa: "Kowa ya ɗauka, amma kada a sayar." Lasisin uwar manhajar kuwa ya yarda kowa ya sayar. Lauyar ta ce ba za a fitar da su tare ba. Ni da nake ganin layin nan kullum, ado na ɗauke shi.

Laraba, 5 ga Maris

Na je gidan Malam. Wannan mutum shi ya koya mini komai. Ya saurare ni tsaf, ya ce, "'Yata, an taɓa sayar da aikina ina ji ina gani. Ba zan cire ba." Na ce asibitoci uku da kod ɗin suke buɗe bayanan majinyata. Ya ce su zo ya ba su da hannunsa. Taurin kai!

Alhamis, 6 ga Maris

Dogo, abokin aikina, ya ce in goge layin kawai, wa zai duba. Na goge. Na je na wanke fuska, na dawo na mayar. Kunya ta kama ni sosai.

Asabar, 8 ga Maris

Lauya ta ce a rubuta sabo, amma sai wanda bai taɓa ganin na Malam ba, don kada a ce kwafa aka yi. Ni kuwa ko a mafarki ina iya karanto shi. Ke nan Dogo. Dogon da ko sunan fayil ba ya sawa daidai.

Talata, 11 ga Maris

Sun mayar da teburina bakin taga, kada in leƙa allon Dogo. Ya maƙale, na san amsar, amma ba damar in gaya masa. Abin ya yi mini ciwo.

Juma'a, 21 ga Maris

Mun makara da mako guda, amma asibitoci sun samu. Na Dogo ya fi sauri, ban gaya wa kowa ba.

Na leƙa Malam, ba don komai ba. Ya tambaya ko ni na rubuta sabon. Na ce an hana ni, wai na san nasa da yawa. Sai ya ce, "Ashe ke na hana."

Na ce masa ba komai. Ina jin ma da gaske nake.