Yaya Mai Fasfo Biyu

Litinin, 3 ga Maris
Daraktan ma'aikatarmu ya sa ni cikin kwamitin yarjejeniyar kare masu zuba jari, wadda za mu ƙulla da ƙasar da Yaya yake zaune. Kowa ya guji sashe na ɗaya, wai ma'anar kalmomi ce kawai, aikin gyangyaɗi. Na ce a ba ni. Wane ne "mai zuba jari"? Ni zan faɗa. Allah Ya kawo Yaya hannuna.

Laraba, 5 ga Maris
Bari in rubuta, ko da yake ba mantawa zan yi ba. Ƙasar kabarin Baba ba ta gama bushewa ba Yaya ya mayar da masana'antar tayil sunansa, da fasfonsa na can. Ya sa aka shafe sunan Baba da shuɗin fenti. Da na je, maigadin da ya goya ni ina yarinya ya sunkuyar da kai, ya ce an hana ni shiga.

Yanzu titi zai ratsa filin masana'antar, shi kuma yana cika baki wai baƙo ne, da an sa hannu zai maka gwamnati a kotun waje. Baƙo wai. Mutumin da tabon faɗowa daga katangar gidanmu ke goshinsa har yau.

Juma'a, 14 ga Maris
Na rubuta cewa duk mai riƙe da fasfon ƙasashen biyu ba ya cikin masu zuba jari. Lauyan ɓangarensu, wani mai sanƙo da ba ya rabuwa da alawa, ya so a duba inda mutum ya fi zama. Na kafe. Darakta ya yaba min kishin ƙasa, har kunya ta kama ni. Kaɗan dai.

Litinin, 2 ga Yuni
An sa hannu. Na sayi sabon takalmi.

Talata, 19 ga Agusta
Inna ta kira tana kuka. Yaya ya ajiye fasfonmu, ya bar zama ɗan ƙasa, don ya shiga cikin ma'anar da na rubuta.

"Ya ce wata doka ce ta tilasta shi. Wane marar imani ne ya rubuta ta, 'yar nan?"

Na ce mu da yawa ne a ofis.

Wato tayil ya zaɓa. Shi ya zaɓa, ba ni ba. Amma wallahi ban taɓa kawowa zai yi haka ba.

Talata, 7 ga Oktoba
Inna na asibiti. Ba ta ci, ba ta magana, sai kallon ƙofa. Yaya ya nemi biza, an ce ya jira mako uku. Da na faɗa wa likita, sai ya gyara mata ƙarin ruwa ya fita.

A da jirgi kawai zai hau.

Alhakinsa ne. Nasa.

Alhamis, 9 ga Oktoba
Na wuni a ofishin shige da fice, sabon takalmin nan yana cin ƙafata. Ni da ban iya roƙo ba, yau na roƙi har masinja. Jami'in ya ɗago ya tambaye ni, "Baƙon naki, me kuke da shi?"

Na ce yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya buga wa takardar bizar hatimi.

Gobe zai sauka, ni zan ɗauko shi. Don Inna na yi, ban yafe ba, kuma ba zan yi masa magana a hanya ba. Motar ma don ta yi datti na wanke ta.

Na dai tura kujerar gaba baya. Ƙafafunsa dogaye ne, irin na Baba.