Sunan da Inno Ba Ta Faɗa

Maradun, 19 ga Satumba, 2021

Zuwa ga ɗiyata Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina aiki, ina mutanen Mafara? Mu nan lafiya lau, sai zaman banza tun da aka rufe kasuwar shanu. Da layin waya na aiki da kin ji muryata, kuma da ba ki ji daɗinta ba. Nagode direba zai ba ki wagga takarda.

Kin san Hamma na Damaga, Bafillacen da na shekara goma sha biyar ina sayen shanu hannunsa. Ran da mahara suka faɗa wa rugarsu an harbe shi a cinya, yanzu yana kwance a ɗakin jinyar ƙungiyarku ta agaji da ke Bakura. Na je na gan shi jiya. Ƙafar tana warkewa, amma ba ya cin abinci, don bai san inda mahaifiyarsa Inno take ba.

Masu gudun hijira sun shaida mini an ga Inno a Mafara, a gidan da ƙungiyarku ta kama wa mata. Na faɗa wa ma'aikacinku na Bakura. Ya ɗauko wani fom, ya duba, ya ce wai waccan Inno 'ya'ya mata biyu gare ta, ba ta da namiji, don haka ba ita ba ce. A gaban Hamma ya faɗi haka! Na tambayi wanda ya cika fom ɗin, aka ce ke.

Hamma ya rantse ran da ƙafar ta ɗauke shi zai koma Damaga ya nemi uwarsa, a raye ko a mace. Kin san su wa ke zaune a dajin nan yanzu. In ya shiga ba zai fito ba. Motocinku farare sun cika titi, kun rubuta a jikinsu kuna haɗa iyali, ga uwa da ɗa tafiyar rabin awa tsakaninsu kun raba su da biro. Ki gyara wannan ɓarna.

Kawunki,
Tsoho Sarkin Fawa

*

Talata Mafara, 22 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Kawu,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, tare da fatan kana lafiya, kai da su Gwaggo.

Kawu, takardarka ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye ba. Mata ɗari biyu da sittin na yi wa rajista cikin kwana huɗu, a tsaye, wasu da jini a zanensu. Ba a cikin farar mota nake yini ba.

Na tuna Inno sarai, tsohuwa mai ƙullin tsumma da ba ta barin kowa ya taɓa. Sau uku na tambaye ta 'ya'yanta, ni da abokin aikina Zaharadeen. Sau uku ta ce, "Ɗiya biyu, Bushra da Hindatu." Abin da ta faɗa na rubuta. Me zan ƙara daga kaina?

Kuma akwai dokar da muke bi, ba don wasa aka kafa ta ba. Ba ma nuna wa namiji inda mace take sai ita da bakinta ta ambaci sunansa. Watan jiya wani ya zo da kuka wai ƙanwarsa yake nema, ashe yana cikin waɗanda suka kore su daga gida. Da mun buɗe masa ƙofa fa? Inno a Damaga ba ɗaya ba ce. Ka rarrashi mutuminka, muna ci gaba da bincike.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Mardiya

*

Maradun, 24 ga Satumba, 2021

Mardiya,

Salamu alaikum. Gaisuwa a taƙaice, raina a ɓace yake.

Boko ya kai ki har jami'a, amma ya mantar da ke tsakar gidanku. Tambaya ɗaya zan yi miki. Tun da kika buɗe ido a duniya, kin taɓa jin uwarki, ƙanwata, ta ce Kamaluddeen? Ba "Yayanku" take cewa ba? Ba "wancan mai taurin kan" ba? In baƙo ya tambaye ta 'ya'yanta, ba daga kanki take fara ƙirga ba? To wannan Bahaushiyar gari ke nan, jikar mahauta. Ina ga Bafillatanar daji mai shekara sittin da ɗoriya, an tsayar da ita cikin taro, ga abokin aikinki, saurayi sa'ar jikanta, tsaye a kanta, an ce ta kira sunan ɗanta na fari?

Hamma ɗan farinta ne. Shekara goma sha biyar ina shiga rugarsu, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In ta dama fura, a bakin bukka take ajewa ta ce "a ba masu kiwo". Ko wuƙa kika sa mata a wuya ba za ta faɗi sunan nan ba.

Dokarku ban ce a zubar da ita ba. Amma wanda ya rubuta ta a ofis mai sanyi bai taɓa zama da uwar ɗan fari ba, ke kuwa a cikin ɗaya kika kwanta wata tara. Shi ina yi masa uzuri, ke ba ni yi miki.

Jiya Hamma ya taka da sanda har bakin ƙofa. Ya riga ya tambayi kuɗin mashin zuwa Damaga.

Kawunki, Tsoho

*

Talata Mafara, 27 ga Satumba, 2021

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa. Na karanta takardarka sau biyu, na ji kunya kamar in nutse. Wallahi ban taɓa jin Umma ta kira sunan Yaya ba, kuma ban taɓa lura ba.

Da safe na koma wurin Inno ni kaɗai, ba biro ba fom. Na ce zan lissafa mata majinyatan da ke Bakura ko ta san wani. Na ce Fa'izu, ta girgiza kai. Na ce Abdulbasit, ta ce ba ta sani ba. Da na ce Hamma, Kawu, sai ta juya fuskarta ga bango, ta ja gyale ta rufe baki, ta ƙanƙame ƙullin nan nata. Can ta ce wa bangon, "Mai wanga suna, yana da rai?"

Na ruga wurin oganmu da murna. Ya saurare ni, ya ce ta faɗi sunan? Na ce a'a. Ya ce to shiru ba amsa ba ce, ba shi da gurbin da zai rubuta juya fuska. In masu ba da tallafi suka zo duba takardu me zai nuna musu? Na ce ya nuna musu gawar Hamma. Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta maka ba. Ya hana ni motar ofis, ya ce in na fita Mafara in aje katin aikina.

Ni ba zan iya zuwa ba, amma Inno ba fursuna ba ce. Ranar Alhamis zan sa ta motar Nagode. Don Allah ka je Bakura ka zauna a kan ƙafar mutumin nan in ta kama, kada ya motsa.

'Yarka mai biyayya,
Mardiya

*

Bakura, 30 ga Satumba, 2021

Ɗiyata Mardiya,

Assalamu alaikum. Inno da Nagode sun iso da hantsi. Na sami Hamma ya riga ya ɗaure takalmi, sai da na ɓoye sandarsa.

Ta shigo, ta gan shi, ta juya ta zauna a ƙasa bakin ƙofa, bayanta gare shi. Shi ma ya sunkuyar da kai. Wani mai ɗaukar hoto na ƙungiyarku ya ce, "Mama, rungume shi mana." Na fitar da shi da wuyan riga.

Ni ta tambaya, "Sarkin Fawa, mai ƙafar nan, ana ba shi nono?" Sannan ta kwance ƙullin. Hularsa ce a ciki, ita kaɗai ta ɗauko daga Damaga. Ta tura ta baya a ƙasa, ba ta waiwaya ba. Ya ɗauka ya rufe fuska da ita. Ya ci tuwo malmala biyu.

Allah ya yi miki albarka. Ki gaya wa oganki har yanzu ba ta faɗi sunan ba.

Kawunki, Tsoho