Ni ke sa famfas, Baba ake shirin saukewa daga limanci

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, in ya fito wallahi hijira zan yi. Don Allah ku ba ni shawara, kwana biyu ya rage mani.

Ni magidanci ne, na ɗan haura hamsin, dillancin hatsi nake tsakanin Sheme da Ƙanƙara da Sabuwa. Duk majalisar da na zauna sai wani ya ƙware don dariya, ko gidan gaisuwa na shiga sai an roƙe ni in kama bakina. To tun da aka yi mani aikin mafitsara bara, fitsari ya daina neman izinina. In na yi tari ya zo, in na ɗaga buhu ya zo, in na yi dariya kuwa sai ka ce dam ya fashe. Likita ya ce zai ragu a hankali, kafin nan in nemi famfas ɗin manya.

A Sheme kowa ya san kowa, don haka ranar kasuwa na shiga wani kemis a Ƙanƙara. Mai kemis ya ce na wa ne, kunya ta kama ni, sai ji na yi bakina ya ce, "Na Baba ne." Ya shiga tambaya, Baban siriri ne ko kakkaura, yana tashi ko yana kwance, ɗigo ne ko zuba. Ya nuna mani zanen ɗigon ruwa a jikin ledar, ya ce yawansu shi ke nuna yawan abin da famfas zai iya shanyewa. Ni kuma in na fara ƙarya sai na yi mata kwalliya, na ce tsoho ne kamar sillen kara, zuba yake kamar indararo a tsakiyar damina. Ya ba ni mai ɗigo takwas, ƙaramar lamba, irin na majinyacin da ke kwance.

Jama'a, ni tumbina sai ya riga ni shiga ɗaki da minti biyu. Da ƙyar na ɗaure abin, ya yanka mani cinya, in na yi sujada ƙara yake kamar ana murza ledar burodi. Na koma na ce Baba ya ji sauƙi, a ba ni marar nauyi. Ya ba ni ɗan siriri mai ɗigo biyu, na liƙawa a gajeren wando. Shi kuma ko Sabuwa bai kai ni ba, ramukan hanya a kan babur suka gama da shi, sai da na kwara wa kaina ruwan leda da gangan na ce kuɓucewa ta yi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ashe ranar farko wani mai albasa ɗan unguwarmu yana bayana, ya zo sayen maganin mura, ya kwashe komai. Baba kuwa shi ne limamin masallacin unguwarmu tun ina yaro, ya wuce saba'in amma lafiyarshi lau, har yau da ƙafa yake zuwa gona.

Maganar ba ta fito fili ba, ci take kamar gara a cikin azara. Sahun asuba ya fara raguwa. Na san mutum uku da in an sallame sai su koma gida su sake sallah. Ladan, wanda ya tsufa a bayan Baba, yanzu in an idar sai ya ɗauki buzun liman da yatsa biyu ya kai rana. Shekaranjiya wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan Liman, Allah ya yi maka albarka kan hidimar da kake, amma lalura lalura ce, mai yoyo bai kamata ya ja masu lafiya ba. Ku ba Malam hutu da mutuncinshi kafin maganar ta yi nisa." Na yi dariya irin tawa, dariyar ma ta ci amanata a nan tsaye.

Baba bai san dalili ba. Jiya ya ce mani, "Kai da zancen gari ba ya wuce ka, karatuna ne ya fara kuskurewa? Ka faɗa mani gaskiya." Na ce a'a. Sai ya jawo Alƙur'ani ya shiga tilawa, yana gyaran abin da bai ɓaci ba. Dattawa sun sa zama kan maganar limancin ranar Juma'a bayan la'asar, yau Laraba.

Abin da ya fi tsorata ni, duk Sheme ba wanda ya taɓa ɗaukar maganata da gaske. Ni ne na taɓa rantsewa na ga kabewar da ta fi Keke Napep. In na miƙe na ce ni ne mai yoyon, rabi za su fashe da dariya, rabi su ce ɗan albarka yana rufa wa ubanshi asiri.

To 'yan uwa, in fara durƙusawa gaban Baba, ko in je wurin dattawa kai tsaye? In sun ƙi yarda, in kai su wurin mai kemis, shi da ya san Baba kawai? Sannan masu wannan lalura da ma'aikatan lafiya, wane iri ya dace da ƙato mai yawo a babur, mai ɗigo nawa, kuma mai kama da gajeren wandon nan yana riƙewa? Ina neman wanda zai kai ni daga la'asar zuwa magariba ina tsaye gaban dattawa. Ko kuwa ranar in tafi haka nan ba komai, su gani da idonsu?