Ragowar Bakwai a Gwajin Ruwan Rijiya

Baba,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin naka, ya ƙafar? Ina fata kana shafa maganin, ba ajiye shi ka yi a taga yana kallonka ba.

Wani abu ya tsaya mini a rai. Ka san aikina a ɗakin gwaji: a kawo sakamakon ruwan rijiyoyi, ni in shigar a kwamfuta. Shekaranjiya ina kwafe adadin gubar dalma na rijiyoyi talatin, sai na ji bakina yana rera lambobin ƙarshe kamar waƙa: uku, biyu, shida, huɗu, biyar, ɗaya, sai uku kuma. Wasanka ne, Baba, wanda ka koya mana a kan tabarma: ninka da uku, raba da bakwai, riƙe ragowar, sake ninka ta. Sau biyar ya zagayo ba tuntuɓe. Ruwa kuwa bai san lissafi ba. Wani ne ya zauna ya ƙaga lambobin.

Ban faɗa wa kowa ba tukuna. A gaida Inna.

'Yarka,
Auta

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Na ga amsarka, ka ce in yi a hankali kada in ɗauki alhakin wani. Na yi.

Na duba takardun wata huɗu baya, duk waƙar ɗaya ce. Na leƙa sito, kwalaben sinadarin gwajin suna nan da hatiminsu, ƙura ta rufe su. Da na so in ɗora wa mai ɗebo ruwan laifin, amma bawan Allah ko alƙalami ba ya riƙewa.

Sa hannun da ke ƙasan kowace takarda na shugaban sashe ne. Na Yaya Dogo, ɗanka, wanda ya samo mini aikin. Jiya ya tsaya a bakin teburina yana tambayar me nake tono a tsofaffin fayil, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Da na dawo daga salla na tarar an canza kwaɗon kabad ɗin fayilolin.

Rijiya ta sha ɗaya a bayan makarantar firamare take. Gobe zan je da kwalbata in ɗebo da hannuna, in kai wani ɗakin gwajin. Idan ya kira ka, don Allah kada ka ce na rubuto. Ka yi mini addu'a ya zama ni ce na yi kuskure.

'Yarka,
Auta