Farantai Biyu da Baba Walter

Talata da dare, Mayu 2013, Stapleton

Yau da safe na ga Baba Walter, tsohon da nake jinya, ya taka da ƙafarsa daga gado har kujera. Rabonsa da haka tun da ɓarin jikinsa ya shanye. 'Yarsa kuwa ta ce in bai fara tafiya a watan nan ba, gidan tsofaffi za ta kai shi.

Lallashi ba ya shiga kunnensa. Amma na lura, duk sanda nake goge hoton rundunar da ya koyar da matuƙan jiragen saman sojan ruwa a cikinta, idonsa na kan mutum ɗaya: wanda ke tsaye a kan jirgin ruwa da faifai biyu a hannu, yana nuna wa ɗalibi yadda zai sauke jirgin samansa a kai. Ya taɓa ce min matuƙi ba ya gardama da wannan mutumin.

Sai na ɗauko farantan roba biyu a kicin, na tsaya bayan kujera, na ware hannuwa. Ya harare ni, ya harare ni, sannan ya jawo sandarsa. Da ya zauna yana haki ya ce, "Hannunka na hagu ya yi ƙasa, yaro. Da ka jefa ni teku."

Gobe zan gyara hannun, kuma har ƙofa za mu je. Ba inda za a kai shi. In 'yarsa ta musa, Anti Rahila, nas ɗin da ke zuwa duba shi, tana tsaye ta gani, ita da mai kawo magani.